Ko Ka Sani? Rumbun Bayanan Da Aka Tsara Kamar Zuriya

Ko ka san cewa tafiya duniyar wata ce ta haifar da wata manhajar adana bayanai da har gobe manyan bankuna ke aiki da ita? Sunanta IMS, ƙirar kamfanin IBM.

Lokacin da Amurka ke haɗa kumbon Apollo da rokar Saturn V, lissafin kaya ya nemi ya gagari injiniyoyi. Sassan sun kai miliyoyi, kuma kowane ƙarami yana zaune cikin babba: noti a jikin famfo, famfo a cikin inji, inji a gindin roka. A 1966 IBM ya haɗa gwiwa da kamfanonin North American Aviation da Caterpillar don samo mafita. Ranar 14 ga Agusta, 1968, manhajar ta fara aiki a garin Downey na jihar Kalifoniya, kusan shekara guda kafin ɗan Adam ya taka wata.

Dabararta ita ce nasaba. Kafin a zuba bayani ko ɗaya, sai mai tsara rumbun ya fayyace wace ce uwa, su wane ne 'ya'yanta. Uwa tana iya samun 'ya'ya barkatai, amma kowane ɗa uwarsa ɗaya tak, kuma zuriyar ba ta wuce hawa 15. A banki, mai ajiya shi ne tushe, asusunsa na ƙarƙashinsa, shigar kuɗi da fitarsu na ƙarƙashin asusun. In kwamfuta na neman naira dubu da ka cira jiya, daga sunanka za ta faro ta gangaro, ba ta ɓata lokacin lalube. Nan saurinta yake. Amma fa a yi hattara: in aka goge uwa, 'ya'ya da jikoki sun bi ta.

Tsarin yana da cikas. Noti iri ɗaya da ke cikin inji biyu fa, wace ce uwarsa? Sai dai a rubuta shi sau biyu, ko a ƙulla masa wata igiya ta daban. Irin wannan takura ce ta sa Edgar Codd, shi ma ma'aikacin IBM, ya fito da tsarin jadawali a 1970, wanda ya mamaye duniya daga baya.

Duk da haka IMS ba ta yi ritaya ba. Inda dangantaka ba ta sauyawa, kamar ta asusu da mai shi, tsohuwar hanyar na nan tana biyan buƙata cikin ƙiftawar ido.