Riƙon Allura Ba Shi Ne Malanta Ba

A cikin birnin Zariya da wuya mutum ya shiga gida bai ji kukan akuya ko tunkiya ba. Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, kiwo shi ne asusun mata. Da shi akan yi wa 'ya kayan ɗaki, da shi akan biya kuɗin makaranta. Bara muka ga wata gwauruwa ta yi hasarar awaki huɗu a mako guda, bayan wani mai yawo da jaka ya yi musu allura. Ashe bai taɓa zama a aji ya koyi aikin ba.

To, yaya yaro zai zama malamin dabbobi na ainihi, watau mataimakin likita? Da fari sai ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Sa'an nan ya nemi shiga kwalejin da ke hanyar Mando a Kaduna, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko kuwa ta Vom kusa da Jos. A Vom ɗin nan aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a 1924.

Shekara biyu zai yi ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda yana aiki, kāna ya koma shekara biyu domin babbar difloma. A can zai koyi rigakafi, da awon magani gwargwadon nauyin dabba, da duban nama a mayanka, da gane alamun sammore da ciwon huhu.

Duk da haka bai zama likita ba. Likita sai ya gama digiri a jami'a. Dokar 1969 ta ce ba mai amsa wannan suna sai wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi wa rajista. Mataimaki kuwa a ƙarƙashin likita yake aiki.

Kada mu rena aikin nan. Irin waɗannan malamai ne suka bi rugage da allurar rigakafi sa'ad da bushiya ta kashe shanu a 1983. A 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku na son dabba, ku nuna musu wannan hanya. In kuwa mai jaka ya yi sallama, ku tambaye shi takardar shaidarsa, da sunan likitan da yake yi wa aiki, tun bai kama kunnen akuya ba.