Ɗan Dambe A Kurmi: Ƙarfi Daban, Tumbi Daban

Duk wanda ya saba zuwa kallon dambe a Agege ko Alaba Rago ya san irin yaron nan da kan sauka Ikko bayan kaka, jikinsa kamar tsumagiya, in ya kai hannu sai an ji iskarsa. Bayan shekara guda ko biyu sai ka sake ganinsa a fage ya yi wuya, ya yi ciki, abokai suna cewa Kurmi ta karɓe shi. Amma tun turmin farko bai ƙare ba ya fara haki, hannun garkuwa ya sauka, wani ɗan siriri ya zo ya kashe shi a gaban jama'a. Magoya baya su ce jifansa aka yi. To, jama'a, yawancin wannan jifa daga teburin mai shayi yake fitowa.

Dalili kuwa shi ne, a gida yaron nan yana yini ne da fartanya ko yana kora shanu zuwa mahauta, abin da ya ci kuma aikin nan ne ke ƙone shi. Da ya zo nan sai ya zama mai gadi ko mai tireda, watau zama tun safe har dare, ga kuma 'yan kuɗi a aljihu. Da safe shayi mai kauri da rabin burodi, da rana teba da miya mai iyo da manja, da dare taliya da ƙwai an tsoma a mai, a kora da lemon kwalba. Likitoci suna auna ƙarfin abinci da abin da suke kira kalori. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9, kimanin kalori 150 ke nan. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja kuwa wajen 120. Mutum mai nauyin kilo 70 sai ya yi gudun kilomita 2 kafin ya biya bashin kwalba guda. Wanda ya sha uku a yini, sai ya yi wa kansa lissafi.

A damben gargajiya ba a san awo ba, wanda ya ga zai iya sai ya miƙa hannu, shi ya sa mutanenmu suka ɗauka girman jiki shi ne ƙarfi. Damben Turawa kuwa aji aji ne, kowane da iyakar nauyinsa. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, da ya ci kambin duniya a Faris cikin 1957, ajinsa ba a wuce fam 126, watau kilo 57. Dick Tiger ya karɓe kambin 'yan fam 160 daga hannun Gene Fullmer cikin 1962, ya sake doke shi a filin Liberty na Badun cikin 1963. A 1966 kuma ya hau aji na gaba ya ci José Torres, wanda ya fi shi tsawo da nauyi. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna ƙara ƙarfi ba tare da ma'auni ya motsa ba, don in ya motsa ba za a bar su su hau ba.

Yaya ake yi? Naushi ba daga dantse yake tasowa ba, daga ƙafa ne, ya bi ta ƙugu, sa'an nan ya fita ta hannu. Saboda haka a ba ƙafa haƙƙinta. Gudun asuba na mil 2 ko 3, kwana uku ko huɗu a mako, kafin motoci su cika titi. Tsallen igiya, wanda ko a bayan shago ana yinsa. Sa'an nan ɗan gajeren gudu mai tsanani, a huta, a sake, domin haka turmi yake, wuta-wuta sai hutu. Game da ɗaukar ƙarfe kuwa, masana sun ce ɗaga abu mai nauyi sau 3 zuwa 5 a huta sosai yana koya wa jijiyoyi aiki tare, ƙarfi ya ƙaru ba lalle sai tsoka ta kumbura ba. Kuma ko wace irin ɗaga mutum ya yi, jiki ba ya ƙara nauyi sai in abin da ke shiga ya fi abin da ake ƙonewa.

Kada mai karatu ya ce an hana cin abinci. Ɗan damben da ke zama da yunwa, shi ma mai faɗuwa ne. Abin da ake so a rage mai da zaƙi, a riƙe abin da ke gina tsoka: wake, ƙwai dafaffe, kifi, wanda Allah ya hore shi a nan Kurmi, da nama maras kitse. 'Yan'uwanmu mahauta su ne wannan ya fi shafa, don kitse da kayan ciki kullum suna gabansu kyauta. Tuwo, doya ko shinkafa a ci malmala daidai, a yawaita ganye, wanda ba ya wuya a kasuwannin nan. Fura da nono abinci ne na ƙwarai, muddin ba a mai da ita ruwan sukari ba. Maganin nan na sha-ka-fashe kuwa, kumburi ne da kitse kawai yake kawowa, ba ya ƙara wa naushi komai.

Akwai kuma wata ɗabi'a mai hatsari da ta shigo tun da masu shirya dambe na zamani suka fara ɗora 'yan wasa a kan ma'auni. Yaro ya ga ya haura, sai ya naɗe jikinsa da leda ya yi ta gudu cikin rana, ya ƙi shan ruwa. Lita guda ta gumi kilo guda ce a ma'auni, gaskiya ne, amma ruwa ne ya fita ba kitse ba, da ya sha sai ya dawo. Ga shi iskar Ikko da ta Fatakwal jiƙe take, gumi ba ya bushewa kamar a Arewa, jiki ba ya hucewa da wuri. Wanda ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da hankalinsa sun fara raguwa, in ya zarce kuma har ƙoda tana iya taɓuwa. Mai son ragewa ya fara tun da sauran makonni, rabin kilo a mako ya isa.

Awo ba shi da tsada. Masu yawo da ma'auni suna nan a bakin tasha, a hau sau ɗaya a mako, da safe kafin a karya. Wanda bai samu ba ya auna cikinsa da zare daidai cibiya, ya ninka zaren biyu a tsawo. In ya wuce tsayinsa, lokacin rage sukarin shayi ya yi.