Alƙalami Mai Lamba: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Duk da cewa yawancin jama'a sun koma rubutu da yatsa a kan waya, akwai wata kasuwa da ke ci sosai a Turai da Amurka da Japan, wato ta alƙaluman da ake ɗura wa tawada, musamman waɗanda kamfani ke ƙera adadi ƙayyadadde, ya buga wa kowanne lamba, ya ce daga wannan an rufe. Masu tara su kan ba da kafin alƙalami tun kaya ba su fito ba, wasu ma ba sa taɓa ɗura musu tawada don kada darajarsu ta ragu. Yanzu tallar ta iso wayoyinmu, matafiya na ganin su a shagunan filayen jirgin sama, wasu kuma na saye don yi wa manya kyauta. Tare da tallar ake raɗa wa mutum cewa wannan ajiya ce, gobe kuɗinsa zai ninka. Wannan magana ce ke buƙatar a tsaya a duba.

Yadda abin ya faro

Masana wannan harka kan fara lissafi daga shekarar 1965, lokacin da kamfanin Parker na Amurka ya ƙera alƙaluma 4,821 da azurfar da aka tsamo daga jiragen ruwan Sifaniya da suka nutse a gaɓar Florida a 1715. Amma wanda ya mayar da abin sana'ar shekara-shekara shi ne Montblanc, kamfanin da ke birnin Hamburg na Jamus. A 1992 ya fito da jeri biyu. Na farko na tunawa da marubuta, ya fara da Ernest Hemingway. Na biyu na tunawa da masu ɗaukar nauyin fasaha, ya fara da Lorenzo de Medici, aka ƙera guda 4,810, daidai da tsawon da aka saba ba dutsen Mont Blanc a ma'aunin mita. Daga nan kamfanonin Italiya irin su Montegrappa da Visconti, da na Japan irin su Sailor da Pilot, kowa ya kama nasa layin.

Ba za a musa cewa akwai gwaninta a cikin wasu alƙaluman ba. Alƙaluman Namiki na Japan, alal misali, da hannu ake shafa musu ƙaron bishiyar urushi shafi bisa shafi, a yi zane da garin zinariya, aikin da kan ci watanni, mai zanen kuma ya sa hannunsa a jiki. Irin wannan ƙarancinsa na gaskiya ne, domin hannun da ya iya aikin ba shi da yawa.

Ƙarancin da aka shirya

Sai dai yawancin abin da ake sayarwa ba haka yake ba. Kamfani ne ke zama ya yanke adadin da zai fitar, kuma adadin kan yi yawa. Alƙalamin Hemingway da ake ta ba da labarinsa guda 20,000 aka ƙera. Sau da yawa bambancin ƙayyadadden da na kullum bai wuce launi da akwati ba, bakin rubutunsu ɗaya ne, cikin ma ɗaya ne. Da an sayar da na bana, sai na baɗi ya fito da sabon launi, mai tarawa ya ji cewa jerinsa zai yi giɓi idan bai saya ba. Da wannan fargabar ake kama mutane.

Labarin da ake liƙa wa alƙalamin ma wani ɓangare ne na farashi. A 2009 Montblanc ya fitar da alƙaluma 241 da sunan Mahatma Gandhi, don tunawa da tattakin gishiri na mil 241 da ya yi a 1930, kowanne a kan fiye da dala 20,000. Jama'a a Indiya suka yi ca, suna tambayar yadda za a sayar da kayan ƙawa da sunan mutumin da ya rayu da ƙyalle ɗaya. Magana ta kai kotu a jihar Kerala, a 2010 kamfanin ya ba da haƙuri ya dakatar da sayarwa a ƙasar.

Kuma alkawarin cewa an rufe ba kullum yake tsayawa ba. A 2016 kamfanin Lamy na Jamus ya fitar da wata tawada mai launin shunayya mai suna Dark Lilac na ɗan lokaci. Da ta ƙare sai kwalbarta ta yi tsada ninkin ba ninkin a hannun 'yan kasuwa. A 2024 kamfanin ya sake fito da tawada da wannan suna, ko da yake haɗin ya ɗan bambanta, aka yi ta cece-ku-ce.

Shin ajiya ce?

Gaskiya ne wasu ƙalilan, kamar na Hemingway, sun fi kuɗin da aka saye su. Su ne dillalai ke nunawa. Waɗanda suka faɗi ba a ambaton su, kuma su suka fi yawa. Uwargidan da ta sayi sarƙar gwal ta san cewa duk ranar da ta matsu za ta kai kasuwa a ɗora a sikeli a biya ta. Alƙalami ba shi da sikeli. Zinariyar da ke bakinsa 'yar kaɗan ce, jikinsa kuma galibi roba ce mai sheƙi, sauran kuɗin duk na suna ne. Sai ka sami wani mai sha'awa irin taka kafin ka sayar, kuma masu wannan sha'awa mafi yawansu suna ƙetare. Ka cire kuɗin aikawa da ladan dillali ko na gidan gwanjo, ka ga abin da ya rage. Idan akwati ko takardar shaida ta ɓata, ko jikin ya ƙarce, farashi ya sake yin ƙasa.

Akwai kuma batun gyara. Kamfanin Omas na birnin Bologna, wanda aka kafa a 1925, ya rufe a 2016, masu alƙalumansa suka koma neman kayan gyara a hannun ɗaiɗaikun masu sana'a.

Hattara da jabu

Babban haɗarin da ke gaban mai saye a yau shi ne jabu. Montblanc na cikin sunayen da aka fi kwaikwaya, har Lamy Safari mai sauƙin kuɗi bai tsira ba. Masu jabun sun ƙware, suna haɗawa da akwati da ɗan littafi da lamba. Ga abubuwan dubawa:

Na ɗaya, farashi. Duk wanda ya kawo maka alƙalamin dala dubu a kan dala hamsin ya riga ya gaya maka abin da ke hannunsa.

Na biyu, bakin alƙalamin. Na zinariya yana ɗauke da hatimin 585 idan mai daraja 14 ne, ko 750 idan mai daraja 18 ne. Idan ka ga an rubuta “Iridium Point Germany” a bakin abin da aka ce Montblanc ne, to jabu ne. Idan maganaɗisu ya ja bakin, ba zinariya ba ce, amma rashin ja kaɗai bai isa shaida ba.

Na uku, lamba. Tun farkon shekarun 1990 Montblanc ke zana lamba a zoben maƙalin murfi. Ka rubuta ta a intanet ka bincika. Idan ka ga alƙaluma da yawa da lamba ɗaya, ka ja da baya.

Na huɗu, mai sayarwa. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi ga wanda ka sani a Instagram ko WhatsApp kawai, ya nuna maka hoto yana cewa saura guda ɗaya. Ka nemi dillalin da kamfani ya amince da shi, da rasiti, da takardar garanti mai hatimi da kwanan wata.

Idan ka riga ka mallaka

Kada ka kuskura ka ɗura masa tawadar allo ko ta zayyana. Ƙaro da baƙin da ke cikinta za su bushe su toshe siririyar hanyar da tawada ke bi. Ka yi amfani da tawadar da aka yi domin irinsa, ka riƙa wanke shi da ruwan sanyi, ban da ruwan zafi ko sinadarin goge hannu. Kada ka bar shi a mota cikin rana, kuma idan za ka hau jirgi ka zubar da tawadar ko ka tsayar da bakinsa sama, don canjin iska na sa shi yoyo. Musulmin da zai sayi wanda aka ƙera jikinsa da zinariya ko azurfa ya fara tambayar malami, domin malaman fiƙihu na da magana a kan amfani da irin waɗannan kaya.

Son alƙalami mai kyau ba aibu ba ne, balle a al'ummar da ke girmama rubutu tun kafin zuwan boko. Akwai alƙaluman Pilot da Lamy da Platinum na kullum masu sauƙin kuɗi da za su yi maka aiki shekara da shekaru. Idan kuma ranka ya biya wa mai lamba, ka saya da rarar kuɗin da ba za ka nema ba, don kana son rubutu da shi. Kada ka taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin sana'a, kada kuma ka ci bashi a kansa.