FARAUTA DA KYAMARA A DAJIN YANKARI

A kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, tafkunan dawa kuma suka ƙafe, sai namun dajin Yankari su fara gangarowa kwarin kogin Gaji domin neman ruwa. A daidai wannan lokaci ne baƙi kan yi tururuwa zuwa sansanin Wikki, watau ma'aikatan gwamnati masu hutun ƙarshen shekara da 'yan makaranta waɗanda malamansu suka kawo buɗe ido, kusan kowa riƙe da kyamara ko wayar hannu. Amma idan aka koma gida aka baje hotuna, galibi abin da akan gani shi ne duhun kurmi da wani ɗan ɗigo baƙi a tsakiya, mai hoton kuwa yana ta rantsuwa cewa giwa ce. Laifin ba na kyamara ba ne. Ɗaukar hoton naman daji farauta ce, kuma tana bukatar duk abin da farauta ke bukata, ban da kisa.

Shi dai wannan daji yana cikin Jihar Bauchi, a ƙasar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi cikin 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, sa'an nan cikin 2006 aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Mai zuwa daga Bauchi yakan bi hanyar Gombe har Dindima, ya karkata kudu zuwa ƙofar dajin a Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin dawa kafin a iske Wikki. A cikinsa akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa, ga dorina da kada a ruwa, ga kuma tsuntsaye fiye da iri 350.

Abu na farko da maharbin gargajiya ya sani, wanda mai kyamara yakan manta, shi ne lokaci. Naman daji ba ya yawo da rana tsaka, sai ya shige inuwa ya lafe. Ko da ma an yi sa'a an gan shi a wannan lokaci, hasken da ke sauka daga bisa yakan mai da idonsa rami baƙi, ya kuma ƙone launin ciyawa ta koma fari fat. Hoton kirki daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe yana fito da kowace tamoji ta fatar giwa. Saboda haka wanda ya tsaya sai ya karya kumallo ya yi wanka a Wikki kafin ya shiga mota, to, ya riga ya yi asarar rabin ranarsa.

Sai batun hunturu, wanda shi ne babban abokin gabar mai hoto a wannan ƙasa tamu. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da baƙi suka fi yawa, hazo yakan tsaya tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka, duk abin da ke nesa sai ya fito toka-toka, komai tsadar madubin da aka ɗaura. Babu wata dabara da za ta share ƙurar da ke cikin iska. Abin da ya rage shi ne a bar na nesa a jira na kusa, ko kuwa a mai da hazon kansa abin hoto, gama a irin waɗannan ranaku rana takan faɗi ja wur kamar faifai, kuma kuka ko giginya da ta tsaya a gabanta ba ta bukatar wani ado. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu namun daji sun fi taruwa a bakin ruwa, sai dai zafin bazara ba ƙarami ba ne. Wannan ƙura kuwa ba ta tsaya ga ɓata hoto ba, har cikin kyamara take shiga. Mai hankali ba ya cire madubi ya ɗaura wani a bayan buɗaɗɗiyar mota, kuma yakan lulluɓe kayansa da tsumma mai tsabta duk sa'ad da motar ke tafiya.

Game da kayan aiki, madubi mai jawo nesa na milimita 300 ko fiye shi ne ake bukata. Amma irin wannan madubi, kamar yadda yake girmama dabba, haka yake girmama rawar hannu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza lambar tsawon madubin. Alal misali, mai madubin milimita 300 kada ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin 300 na sakan, in kuwa dabbar tana motsi sai ya ƙara zuwa ɗaya cikin 500 ko 1,000. Ƙafar kyamara mai rassa uku ba ta da amfani a cikin mota. Abin da ya fi ta shi ne 'yar jakar ƙyalle da aka cika da wake ko gero, a aza ta a bakin taga, a kwantar da madubin a kanta, sa'an nan a roƙi direba ya kashe inji. Mudu guda na wake ya gyara hotuna da yawa waɗanda kuɗi masu yawa suka kasa gyarawa. Har ila yau, baƙin jikin giwa ko ɓauna yakan ruɗi ma'aunin hasken kyamara, ta ɗauka duhu ne ta buɗe da yawa, don haka ya kamata a ɗan rage mata. A kowane hali kuwa a saita kan idon dabba, domin in ido ya fito tas, mai kallo yakan yafe sauran.

Masu wayar hannu su sani cewa jawo hoto da yatsa a yawancin wayoyi ba ya kawo dabba kusa, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yakan fito dishi-dishi. Gara a bar giwar ƙarama cikin faɗin dajinta, da itatuwan da ke kewaye da ita.

Waɗanda suka yi wannan sha'ani a zamanin fim sun san wata tarbiyya da ta ɓace. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, zafin mota yana iya lalata shi, kuma ba a ganin abin da aka samu sai bayan an kai wanki, wani lokaci ma irin su Kodachrome sai an aika ƙasashen waje. Wannan tsada ita ta koya wa mutane su zuba ido su jira. Yau mutum yana iya ɗaukar hoto dubu kafin azahar, amma wanda ya zauna shiru awa guda a wuri ɗaya kusa da mashaya yakan dawo da abin da ya fi na wanda ya kewaye daji yana ta latse-latse.

Ɗan rakiyar da hukumar dajin ke haɗa baƙi da shi ba don ado ba ne. Shi ya san sawu, ya san kashin da ya kwana da na ɗazu, ya san ta inda iska ke kaɗawa, gama giwa ba ta da kaifin gani amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure. In ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana girgiza shi, to, gargaɗi ne, musamman uwa mai ɗa. Ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya yarda, ba a tafi ko jifa don dabba ta waiwayo, ba a kuma shiga tsakanin garke da ruwa. A sansanin Wikki kuwa ɓarayin ba su wuce gwaggon biri ba, waɗanda suka saba da mutane har suna fizge jakar da aka ajiye, ba ruwansu da ko burodi ne a ciki ko kyamara.

Maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina, da kogunan dutse 59 da ake kira da sunan Marshall, duka wuraren hoto ne masu kyau. Sai dai a Wikki mutane ne ke wanka, kuma mutum ba gwanki ba ne. Haka nan a ƙauyukan da ke bakin hanya, inda rumbuna da zana da tarin kara a kan itace ke jan idon baƙo. Ladabi shi ne a tsaya a yi sallama, a gaida manya, a nemi izini, a kuma kauce wa cikin gida da matan aure. Wanda ya yi haka zai ji labarin da ba ya fitowa a hoton 'yan buɗe ido, watau cewa giwar da baƙo ya biya kuɗi don ya gani, ita ce takan fito da dare ta tattake gonar da talaka ya yi damina guda yana nomawa. Hoton irin wannan gona shi ma hoton giwa ne, kuma hukuma ta fi bukatarsa.

A nan ne wannan sha'ani ya wuce nishaɗi. An taɓa samun raƙumin dawa da kyarkeci a Yankari, yau babu su. Giwayen da a dā ake lissafa su ɗari uku da 'yan kai, ƙiyasin shekarun baya-bayan nan ya sa su tsakanin 100 da 150, ko da yake har yanzu suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. Wani bincike da aka buga cikin 2014 ya nuna cewa zakunan da suka saura a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuwa sai a Yankari da dajin Kainji. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan dazuzzuka sukan ɗaure ƙananan kyamarori a jikin itatuwa, masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gitta, domin sau da yawa wannan ce kaɗai shaidar cewa wata dabba tana nan da rai.

Abin da hoto ke iya yi an gan shi a Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 cikin 1996. Da yake zanen jikin kowane ɗaya daban yake da na ɗan'uwansa, sai masu ƙidaya suka riƙa ɗaukar hoton kowanne dama da hagu, suna gane su ɗaya bayan ɗaya. Da wannan lissafi, da kuma haɗin kan manoman wurin, adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. Amma a nan Kure ɗin ne 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Don haka duk mai niyyar shiga wani daji, a Nijar ko a gida, lalle ya fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki.

Akwai kuma haɗarin da zamani ya kawo. Wayoyi da kyamarori da yawa suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a ɓoye cikin hoton, kuma mai neman haure shi ma yana duba intanet. Ya kamata a kashe wannan kafin a shiga daji, kuma kada a bayyana mashayar da aka ga garke a ranar da aka gan shi. Abin da ya dace a rubuta a ajiye tare da kowane hoto shi ne sunan dabba, da sunan dajin, da wata da shekara. A faɗi gaskiya kuma a kansa. Raƙumin dawan da aka ɗauka a gandun Sumu, can ƙasar Ganjuwa, zuriyar waɗanda aka kawo daga Namibiya ne, kada a rubuta masa Yankari.