Laushin Ƙafa da Idon Sawu ga Baligi Mai Fara Koyon Wasannin Jarumta: Duba Daga Ikara da Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan laushin gaɓoɓin ƙafa da idon sawu ga mutumin da ya fara koyon wasan jarumta bayan ya girma, walau na gargajiya kamar dambe da kokawa, ko baƙon wasa kamar taikwando da kareti da judo. An ɗauki ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna a matsayin farfajiya. Maƙalar ta nuna cewa shekaru ba sa hana gaɓa sakewa, muddin an bi ta a hankali, an kuma haɗa laushi da ƙarfi da daidaiton tsayuwa. Haka nan ta fito da kalmomin Hausa da za a iya koyar da wannan fanni da su.

Fitilun kalmomi: idon sawu, agara, laushin gaɓa, dambe, kokawa, targaɗe.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da wannan karin magana ake sage gwiwar magidancin da ya nuna sha'awar shiga fagen dambe ko ɗakin koyon kareti alhali ya haura shekara talatin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin jijiyoyi na rage laushi yayin da shekaru ke ja, rauni kuma ya fi jinkirin warkewa a jikin babba. Sai dai icce idan ya bushe ya mutu ke nan, ita kuwa gaɓar ɗan Adam rayayya ce, tana sauyawa gwargwadon aikin da aka saba mata da shi.

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna cikin masarautar Zazzau, kuma noma ne ƙashin bayan rayuwarsu. An san yankin da rake da tumatir da masara da barkono, Maƙarfi ta yi suna da mazarƙwaila, Kudan kuma ta shahara da inabi a 'yan shekarun nan. Kamar sauran ƙasar Hausa, da kaka ne wasannin gargajiya suka fi armashi, bayan an kawar da amfanin gona. Baƙin wasanni kuwa akasari matasa kan ci karo da su ne a manyan makarantu da birane irin su Zariya da Kaduna da Kano. Manufar maƙalar ita ce bayyana yadda baligi zai shirya ƙafarsa kafin ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan fagage.

2.0 Matsayin Ƙafa a Wasannin Jarumta

Idon ɗan kallo a dandalin dambe yana kan hannun da aka naɗe da kara da zare, wanda ake kira mashi, da ɗaya hannun da ke matsayin garkuwa. Amma hukuncin wasan a ƙasa yake. Ana cewa an yi kisa ne idan ɗan dambe ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, cikin turmi ukun da aka saba yi. Tsayuwar ɗan dambe ta buɗe ƙafafu ce da rage tsawo, nauyin jiki na yawo tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa: yatsun ƙafar baya su tokare, dunduniya ta juya, ƙugu ya biyo, sannan hannu ya isar da saƙo. Jarumai irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da hannu aka san su, amma babu hannun da zai yi kisa a kan ƙafar da ba ta kafu ba.

A kokawa lamarin ya fi fitowa fili, domin taɗiya da turjiya da gociya duk aikin ƙafa ne. Wanda ya kalli gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, zai ga yadda 'yan kokawa ke nutsa yatsunsu cikin rairayi. Baƙin wasanni ma haka suke. Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, yana da dabarun share ƙafa masu kama da taɗiya. Taikwando kuwa shuri ne ginshiƙinsa, inda mutum ke tsayawa a kan ƙafa guda yana juyawa. A wannan wasa ne Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar kuma ya samu azurfa a Riyo a 2016.

3.0 Ƙirar Ƙafa da Kalmomin Hausa

Ƙafar mutum, daga dunduniya zuwa yatsu, tana ɗauke da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Gaɓar idon sawu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani ƙashi da ke zaune bisa ƙashin dunduniya. Tudun nan biyu da Bahaushe ya kamanta da ido ƙarshen ƙasusuwan biyu na farko ne. Lafiyayyar gaɓa kan tanƙwaro ƙafa sama, wajen ƙwauri, kimanin digiri 20, ta kuma miƙar da ita ƙasa kimanin digiri 50. Tanƙwarowa sama ita ce ta fi takura wa baligai, kuma ita ake buƙata wajen rage tsawo da dira bayan tsalle.

Abin da ya fi riƙe wannan motsi shi ne naman sha-raɓa da agara. Sunan sha-raɓa kansa hoto ne na mai sammako zuwa gona yana ratsa ciyawa. Tsoka biyu ce a wurin. Ta sama ta tsallaka bayan gwiwa, ta ƙarƙashinta kuwa ba ta kai gwiwa ba, amma duka biyun sun haɗu a agara, wadda ita ce jijiya mafi kauri a jikin mutum. Wannan bambanci ne ya sa ake miƙe sha-raɓa ta hanya biyu, kamar yadda za a gani.

A nan akwai matsalar da ta shafi manazarta harshe. Kalmar jijiya a Hausa ta game hanyar jini, da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ga mai koyarwa, rarrabe biyun ƙarshe wajibi ne. Maƙalar na ba da shawarar a kira ta farko jijiyar tsoka, ta biyu kuma jijiyar ɗaurin gaɓa. Tsoka da jijiyarta ake so su sake. Jijiyar ɗaurin gaɓa kuwa idan ta saki, gaɓa ta zama sako-sako, targaɗe ya samu wurin zama.

4.0 Jarin da Baligi Yake da Shi

Ba kowane baligi ne ke farawa daga wuri ɗaya ba. Manomin da ya saba tsugunne wajen dashen tumatir a fadama, ko tafiya kan kunya ba takalmi, yana da jarin da ɗan birni ke kashe kuɗi ya nema. Cikakken tsuguno, dunduniya na ƙasa, yana buƙatar idon sawu mai laushi sosai. Haka nan sujada da zaman tahiya, inda ake kafa ƙafar dama yatsu na tanƙware, suna motsa gaɓoɓin yatsu da tafin ƙafa sau da yawa kowace rana, ko da yake ibada ce manufarsu.

Malamin makaranta da ma'aikacin sakatariya da ɗalibi da ɗan acaɓa kuwa, yininsu a zaune yake, ƙafa cikin takalmi sau-ciki. Irin waɗannan sukan ga dunduniyarsu ta ɗaga da zarar sun tsuguna. Shi ma manomin yana da nasa giɓin: laushi ya samu, amma bai saba da juyi na bazata a kan ƙafa guda ba, kuma sau da yawa yana ɗauke da tsohon targaɗen da bai warke sarai ba. Ga kuma yanayi. Kakar wasanni na zuwa ne gab da hunturu, lokacin da ƙasar laka ta bushe ta tsattsage, sanyin safiya kuma ya sa jiki ya ɗaure.

5.0 Matakan Horo

5.1 Awo. Mutum ya fuskanci bango, ya ajiye babban yatsan ƙafarsa nesa da shi kimanin santimita 10, wato kusan faɗin tafin hannu. Sai ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Idan ya kasa, ya matso har ya gano iyakarsa, ya rubuta, ya gwada ɗaya ƙafar. Bambanci bayyananne tsakanin ƙafafun biyu yakan nuna tsohon rauni.

5.2 Ɗumama jiki. Tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 5 zuwa 10, sannan a juya idon sawu dama da hagu sau 10. Doguwar miƙewa an fi so a bar ta sai bayan horo, lokacin da jiki ya yi ɗumi.

5.3 Miƙewa. A dafa bango, a mayar da ƙafa ɗaya baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, a riƙe daƙiƙa 30. Sai a ɗan lanƙwasa gwiwar ta baya a sake riƙewa, domin a kai ga tsokar ƙarƙashi. A maimaita sau 2 zuwa 4 a kowace ƙafa, aƙalla kwana 3 a mako. Daga nan a durƙusa a kafa yatsu, a zauna bisa dunduniya na ɗan lokaci, sannan a kwantar da bayan ƙafa a kan tabarma a sake zama. Wanda tsuguno ke yi wa wuya ya riƙe ginshiƙin rumfa ko ƙyaure ya sauka a hankali. Ƙa'idar ita ce a ji ja, kada a ji zafi mai suka, kuma ban da fizga.

5.4 Ƙarfafawa. A yi ɗage, wato tsayuwa a kan yatsu, a sauko sannu a hankali, sau 10 zuwa 15. Idan an saba, a koma yi da ƙafa guda, ko a bakin dakali yadda dunduniya za ta sauka ƙasa da yatsu. A shimfiɗa tsumma a tattaro shi da yatsu domin ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin ƙafa.

5.5 Daidaiton tsayuwa. A tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, daga baya a rufe ido, daga baya kuma a yi a kan rairayi. Wannan na horar da jiki ya san inda gaɓa take ba tare da an duba ba, kuma yana rage yawan komawar targaɗe. Sai waɗannan matakai sun zauna sannan a shiga tsalle da shuri mai juyi. Makonni ake ɗauka kafin a ga canji a awon bango, amma sannu ba ta hana zuwa.

6.0 Targaɗe da Abubuwan Kiyayewa

Mafi yawan targaɗen idon sawu na faruwa ne idan ƙafa ta gurɗe, tafinta ya juya ciki, jijiyoyin ɗaurin gaɓa na gefen waje suka ja ko suka yage. A kwanaki biyu zuwa uku na farko, abin da ya dace shi ne hutu, da sanya ƙanƙara cikin tsumma ko ruwan sanyi, da ɗauri marar matsi sosai, da ɗaga ƙafa. Gashi da ruwan zafi da murza mai ƙarfi a wannan lokaci na iya ƙara kumburi.

Maɗori na da daɗaɗɗen matsayi a al'ummar Hausawa, kuma shi ne mafi kusa ga mutanen karkara. Duk da haka akwai alamun da ke wajabta ɗaukar hoton ƙashi. Ƙa'idojin da likitoci suka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992 sun nuna cewa wanda ya kasa yin taku huɗu, ko yake jin zafi idan an danna bayan ƙashin idon sawu, yana buƙatar hoto domin a tabbatar ba karaya ba ce. Ga mutanen wannan yanki akwai manyan asibitocin gwamnati na garuruwansu, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya yi horo ba takalmi, domin yana iya jin rauni bai sani ba. Wanda ke shan maganin ciprofloxacin, da ake yawan bayarwa don taifot, ya dakata da tsalle, saboda an tabbatar wannan rukunin magani na ƙara haɗarin tsinkewar agara. Wanda kuma yake jin tokari a gaban idon sawu, maimakon ja a baya, ya ga ƙwararren mai gashin ƙashi na asibiti, domin miƙewa ba ta gyara tokarin ƙashi.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa a dambe da kokawa da baƙin wasanni, ƙafa ce ke riƙe da nasara da faɗuwa. Baligin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan ba ya buƙatar wasu na'urori: bango da dakali da tabarma da rairayi sun wadatar, idan ya jure bin matakan a jere. Saura aikin manazarta Hausa, wato tattara kalmomin sassan ƙafa da na dabarun fage daga bakin tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da maɗora, a daidaita su da ilimin likitanci, domin mai koyarwa a Hunƙuyi ko Paki ya iya yi wa ɗalibinsa bayani da harshen da yake tunani da shi.