Jirgin Da Ka Ƙera Da Hannunka: Yaya Zai Ratsa Sararin Manyan Jirage?

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai mutane masu wata irin sha'awa da za ta ba mai karatu mamaki. Za ka ga malamin makaranta, ko makaniki, ko likita, ya ware garejin gidansa, ya sayo falankin alminiyum da ƙusoshi da inji, ya yi shekaru yana harhaɗawa da yamma da ranakun hutu, har ya fitar da jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu. Irin waɗannan jirage ƙirar gida da aka yi wa rajista a can sun wuce 30,000. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953.

To, ƙera jirgi daban, samun hanyar wucewa da shi daban. A ce mai jirgin nan yana so ya tafi wani gari, kuma tsakaninsa da garin akwai babban filin jirgin sama inda manyan jirage ke sauka da tashi ba ƙaƙƙautawa. Wa zai ba shi izini ya ratsa? Me za a nema a wurinsa? Kuma me ya sa ba za a bar shi ya buɗe ido kawai ya kauce wa abin da ya gani ba?

Kafin Jirgi Ya Bar Gida

Hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta yarda mutum ya ƙera jirginsa don neman ilimi ko nishaɗi, muddin shi da 'yan'uwansa masu sha'awa ne suka yi fiye da rabin aikin. Idan ya gama, sai mai bincike ya zo ya duba jirgin, a ba shi takardar shaida ta rukunin “jirgin gwaji”. Daga nan sai a keɓe masa wani yanki nesa da cunkoson jama'a, ya yi ta gwada jirgin, a al'ada na tsawon awa 25 ko 40, gwargwadon irin injin da ya sa. Sai ya kammala wannan mataki ne zai iya ɗaukar fasinja ko ya yi doguwar tafiya. Har ila yau, doka ta wajabta masa ya sanar da hasumiyar filin jirgi cewa jirginsa na gwaji ne duk lokacin da zai sauka ko zai tashi a wurin.

Yadda Aka Kasa Sararin Sama

Mai kallo daga ƙasa yana ganin sama fili ce fetal, ba shinge ba kan iyaka. A wurin matuƙi kuwa ba haka take ba. An kasa ta rukuni-rukuni, kowane da harafinsa, daga A zuwa G, kuma Amurka ta koma kan wannan tsari na duniya a 1993. Wanda ya shafe mu a nan shi ne rukunin B, wanda ke kewaye da filayen da suka fi kowanne cunkoso, irin su na Atlanta da Shikago da Los Anjalas.

Don ka gane siffarsa, ɗauki faifai uku ka jera su, ƙarami a ƙasa, matsakaici a kansa, babba a can sama. Ƙaramin yana zaune a kan filin jirgin, daga ƙasa. Kowane na sama ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, amma gindinsa bai taɓa ƙasa ba. Galibi rufin duka yana kai wa ƙafa 10,000, wato kimanin mita 3,000. An yi masa wannan siffa ne domin ya lulluɓe hanyar da manyan jirage ke bi suna gangarowa ko suna hawa. Ƙaramin jirgi yana iya bi ta ƙarƙashin faifan sama ba tare da ya nemi izini ba. Amma shiga cikinsu, ko da na minti ɗaya ne, sai da izini bayyananne.

Iyakar Idon Ɗan Adam

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima. Wannan gaskiya ne a kasuwa, amma a sararin sama ido yakan yaudari mai shi. A bayan ƙwayar ido akwai wani shimfiɗaɗɗen tantani mai karɓar haske, kuma wani ɗan gurbi ne kawai a tsakiyarsa ke gani tar-tar. Miƙa hannunka ka dubi farcen babban yatsanka: faɗin abin da idonka ke gani sosai a lokaci guda bai fi wannan ba, wato kimanin digiri 2. Sauran gefen ido ba ya rarrabe siffa da kyau, aikinsa shi ne tsinkayar motsi.

A nan ne matsalar take. Idan jirage biyu suna tafiya a miƙe, kowane da saurinsa ba canji, kuma hanyoyinsu za su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, to kowannensu zai tsaya cik a wuri guda a gilashin ɗayan. Ba ya matsawa dama ko hagu, sai dai ya riƙa girma a hankali, kamar ɗigon datti a gilashi, sa'an nan a daƙiƙun ƙarshe ya cika ido gaba ɗaya. Wato jirgin da zai buge ka shi ne wanda gefen idonka ba zai tsinkaya ba, domin ba ya motsi. Daɗin daɗawa, idan ido ya rasa abin da zai kafa a kai a cikin sarari, yakan koma ya daidaita kansa a kan tazarar 'yan mitoci kaɗan, abin da ke nesa ya dushe.

FAA ta ƙiyasta cewa daga ganin jirgi, zuwa gane shi, zuwa fahimtar akwai haɗari, zuwa yanke shawara, zuwa juyawar jirgin, ana bukatar daƙiƙa 12.5. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 200 a awa ya fuskanci babba mai gudun kilomita 460. Suna kusantar juna da kilomita 660 a awa, wato kusan mita 183 a kowace daƙiƙa. A cikin daƙiƙa 12.5 sun cinye fiye da kilomita 2. Ke nan duk wanda bai hango ɗan'uwansa ba tun yana nesa da haka, ya makara.

Darasin Cerritos

Ranar 31 ga Agusta, 1986, da tsakar rana, gari garau, wani jirgin fasinja ƙirar DC-9 na kamfanin Aeroméxico yana gangarowa zuwa Los Anjalas. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper, na kamfani ba na gida ba, ya kutsa cikin keɓaɓɓen sararin filin ba tare da izini ba. Ba ya ɗauke da na'urar da ke nuna wa jami'in da ke ƙasa tsayin da yake tafiya, kuma a daidai lokacin hankalin jami'in ya rabu zuwa ga wani ƙaramin jirgin da shi ma ya kutsa. Jiragen biyu suka yi karo a saman unguwar Cerritos. Mutum 82 suka rasu: 64 a babban jirgi, 3 a ƙarami, 15 kuma a cikin gidajensu. Bayan wannan haɗari ne aka tsaurara dokar na'urorin da ƙananan jirage za su ɗauka kusa da manyan filaye, aka kuma wajabta wa jiragen fasinja na'urar gargaɗin karo.

Abin Da Ake Nema A Wurin Matuƙi

Abu na farko shi ne rediyo mai kai magana da karɓa. Na biyu shi ne na'urar amsa kira, wadda ake kira tiransifonda. Na'urar rada da ke ƙasa tana aika tambaya, ita kuwa tiransifonda tana mayar da amsa ɗauke da lamba mai alƙaluma huɗu da kuma tsayin jirgin. Kowane alƙalami daga 0 ne zuwa 7, don haka lambobin duka 4,096 ne. An ware wasu don larura: 7700 na nufin jirgi yana cikin haɗari, 7600 kuwa rediyo ya mutu. Ana bukatar wannan na'ura a cikin da'irar mil 30 na teku, kusan kilomita 56, daga babban filin, kuma sai an gwada ingancinta kowane wata 24. Tun daga 1 ga Janairu, 2020, an ƙara da wata na'ura mai suna ADS-B, wadda ke samun matsayin jirgi daga tauraron ɗan Adam ta riƙa shelanta shi kowace daƙiƙa. Na uku, dole matuƙin ya kasance da lasisin da ya dace, kuma idan da ido yake tuƙi, ya iya hangen tazarar kusan kilomita 5, ya kuma kauce wa gajimare.

Tun kafin ya isa kan iyaka, matuƙi zai kira jami'in kula da zirga-zirga ya faɗi abu huɗu a taƙaice: ko shi wane ne, inda yake, tsayinsa, da abin da yake so. Jami'in zai ba shi lamba ya sa a tiransifonda, sa'an nan ya tabbatar ya gan shi a allon rada. A kula, ba da lamba ba izini ba ne, amsa kira ma ba izini ba ne. Sai matuƙi ya ji an furta ƙarara cewa an ba shi izinin shiga rukunin B, shi ma ya maimaita. Daga nan wajibi ne ya riƙe tsayi da alƙiblar da aka ba shi. Sau da yawa akan bi da shi ta saman filin daidai, domin a can manyan jirage suna ƙasa-ƙasa, suna sauka ko tashi. Akan kuma nisanta shi da bayan babban jirgi, saboda guguwar da bakin fikafikansa ke bari tana iya kifar da ƙaramin jirgi.

Jami'in yana da ikon ya ce a'a idan aiki ya yi masa yawa. Saboda haka matuƙi mai hankali yakan tanadi wata hanyar tun a gida, ko ta ƙarƙashin faifan ko ta zagaye, da isasshen mai.

Mu Fa A Nan?

Wannan batu bai yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Jirgin koyar da tuƙi mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna don Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, an samo shi ne daga RV-6A, wani shahararren jirgi ƙirar gida na Amurka. A 2007 kuma jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin jami'a a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci da babur. Duk matashin da ke da irin wannan buri ya sani cewa a Nijeriya hukumar NCAA ce ke tantance jirgi da matuƙi, NAMA kuma ke kula da zirga-zirga a sarari, sa'an nan akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya tun 1964.

Kammalawa

Jami'in da ke zaune gaban allon rada ba ya tambayar ko a masana'anta aka ƙera jirgi ko a gareji. Wannan tambaya an riga an amsa ta a ƙasa. Abin da yake so ya tabbatar uku ne: yana ganinka, yana jinka, kuma za ka yi abin da ka ce za ka yi. Malamai na iya gwada darasin ido a filin makaranta: ɗalibai biyu su taso daga kusurwa biyu da sauri iri ɗaya zuwa wuri guda, kowane ya lura cewa ɗan'uwansa ba ya gusawa daga gefen da ya fara ganinsa har su haɗu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake ɗaukar neman izini a matsayin ɓata lokaci ba.