Wane Ne Ya Yi Wannan Aiki?

A ƙasar Japan, can gabas mai nisa, akwai masu zane a kan takarda ko siliki. Sukan zana duwatsu da koguna da itatuwa da baƙar tawada. Akan rataya zanen a bango, in an gama kallo a naɗe shi kamar tabarma. Wani gwaninsu mai suna Sesshu ya rayu daga 1420 zuwa wajen 1506. Zane-zane masu yawa suna ɗauke da sunansa, amma kaɗan ne nasa na gaskiya, gama maƙaryata sun kwaikwayi hatiminsa don su sami kuɗi. Saboda haka masana ba su dogara ga hatimi kaɗai. Sai sun duba takarda da tawada da irin tafiyar hannun mai zanen.

A Birnin Zariya ma akwai irin wannan tambaya, amma a kan gini. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina babban masallacin Jumma'a. Maginin da ya gina shi ana kiransa Babban Gwani. Waɗansu suna cewa sunansa Malam Mika'ilu, waɗansu kuwa Muhammadu Durugu. Da tubali da azara ya ta da manyan ginshiƙai, ya ɗora musu bakan gizo, ya ƙawata su da zane. A cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini ya rufe tsohon ɗakin salla a cikinsa.

Da sunansa ya bazu, sai aka riƙa jingina masa soraye a waɗansu garuruwa, kamar Bauchi da Kafin Madaki. To, magini ba ya rubuta sunansa a bango, kuma almajiri yakan ɗauki hannun maigidansa. Don haka mai bincike yakan tambayi dattawa, ya lissafa shekarun sarakuna, sa'an nan ya gwada aikin da na masallacin Zariya.

Wannan bincike yana da amfani. In aka ba mutum ɗaya dukan yabo, sai a manta da sauran gwanayen da suka sha wahala. Yaro mai hankali, in an ce masa wane ne ya yi abu, yakan tambaya, "Ina shaida?"

Tambayoyi
1. Don me masana ba su dogara ga hatimi kaɗai?
2. A zamanin wane sarki aka gina masallacin Zariya?
3. Yaya mai bincike yakan gane aikin magini?